Fina-finan Da Za Su Zauna A Memorin Gida: Shawarwari Ga Iyalan Gadarif

Abin kallo bai yi wa kowa kaɗan ba a Gadarif. Abin da ya yi kaɗan shi ne wurin ajiye shi, da cajin da za a kalle shi, da kuɗin datar da za a sake sauke shi idan an goge. Wayar maigida a cike take, ta uwargida a cike, filashin da ake soka wa talabijin ma a cike, amma da an idar da sallar isha'i an baje tabarmi sai a ɓata rabin awa ana "me za a saka?", daga ƙarshe a saka abin da ya fi kusa da yatsa, a yi minti ashirin a kashe. Ga wuta tana zuwa tana tafiya ba sallama. Ga gidaje sun ƙara cika tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023: 'yan uwa sun taho daga Khartum, wasu daga Wad Madani a ƙarshen wannan shekarar, wasu daga Sinja a tsakiyar 2024, allo ɗaya ya zama na mutum goma sha wani abu. Wanda ya ga watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, ya san cewa fim ɗin da ke hannunka shi ne wanda ke cikin memori.

Don haka gida yana buƙatar jerinsa: fim ashirin ko talatin da aka sake kallo da gangan, aka auna, aka jera daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, aka ce waɗannan ba a goge su. Tantance fim ɗin da ya fi kowanne kyau a duniya aikin masu gardama ne a wurin mai shayi, a bar musu. Naku jerin na abin da gidanku yake komawa gare shi ne, ya tashi bai yi da-na-sanin cajin da ya ƙona ba. Ga yadda za a yi shi.

1. Ku fara lissafi da ka, kafin a buɗe waya

A ajiye wayoyi gefe, a ɗauko littafin rubutu na makaranta, a ba wanda ya fi saurin hannu a gidan, da boko zai rubuta ko da Larabci ko da ajami, duk ɗaya. Kowa ya ambaci fina-finan da suka faɗo masa a rai, ba tare da ya leƙa waya ba. Da an buɗe waya, abin da aka sauke makon jiya shi zai mamaye lissafin, alhali wanda mutum ya riƙe a kansa shekara goma ba tare da an tuna masa ba ya riga ya ci jarrabawar farko. Kada a tsallake tsofaffi. Kaka ba za ta tuna sunan fim ɗin Indiya ba, amma za ta ce "wanda uwa ta harbe ɗanta da hannunta", kuma wannan Mother India ne na 1957. Baffa zai ambaci Samanja ko Ƙarƙuzu, waɗanda wasannin talabijin ne. A rubuta duka. Tankaɗe da rairaya yana gaba.

2. Kada fim ya shiga jeri da tsohon sunansa, sai an sake kallonsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane suke yin ha'inci. Mutum zai rantse maka cewa babu fim kamar Sangaya, ka tambaye shi yaushe rabonsa da shi, sai ya ce tun zamanin kaset. Abin da yake tunawa ba fim ɗin kaɗai ba ne. Yana tuna ɗakin da aka cika ana kallo, da wanda ya zo da kaset ɗin daga Najeriya a cikin jakar tafiya, da ƙuruciyarsa. Duk waɗannan suna da daraja, amma ba sa cikin memori. Abin da zai fito a allo shi ne Ali Nuhu da Fati Muhammad a labarin ɗan sarki da 'yar aikin gidan sarauta, da hoton bidiyon wancan zamani, da sautinsa. Wataƙila ya tsaya da ƙafarsa har yau, wataƙila ya zama abin tunawa kawai. Gani ya kori ji.

Haka za a yi wa duk na wannan sahu: Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990 kuma ake ƙirga shi farkon fim ɗin bidiyo na Hausa da ya shiga kasuwa, In Da So Da Ƙauna, da aka ɗauko daga littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, Ki Yarda Da Ni, daga littafin Bilkisu Funtuwa, Wasila na shekarar 2000. A nawa ganin waɗanda aka gina a kan littafi sun fi jure wa tsufa, domin an riga an ɗaure labarin tun kafin a kunna kyamara.

Ku kalla daga farko zuwa ƙarshe, kuma ku zaunar da mutum ɗaya da bai taɓa ganinsa ba, yarinya 'yar shekara goma sha biyar misali. Ku riƙa satar kallon fuskarta. Idan ta tambayi abin da zai faru gaba, fim ɗin yana da rai. Idan hannunta ya koma kan wayarta, ku rubuta wannan ma a littafin.

Kada kuma ku ji kunyar sauya ra'ayi. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tara ƙuri'ar masanan fim duk bayan shekara goma tun 1952. Citizen Kane ya riƙe na ɗaya daga 1962 har 2002, a 2012 Vertigo ya ture shi, a 2022 kuma wani fim na ƙasar Beljiyam mai suna Jeanne Dielman, wanda ya haura awa uku yana bin wata mata tana aikin gidanta, ya ture su duka biyun. Waɗannan mutanen da fim suke cin abinci.

3. Ku tsallake waƙoƙin sau ɗaya, ku ga abin da ya rage

Fina-finan Kano da na Indiya da yawa waƙa ce take riƙe da su. Gwajin ba wuya: a kallo na biyu, duk inda waƙa ta shigo a tura gaba. Idan labarin ya ci gaba da jan ku, fim ne. Idan kun tsinci kanku kuna jiran waƙa ta gaba kawai, to waƙar kuke so, kuma ba laifi ba ne. Ku ajiye waƙar ita kaɗai, wadda a sauti ba ta wuce megabait huɗu ko biyar, ku goge fim ɗin da yake cinye wurin waƙa ɗari. Sholay na 1975 ya haura awa uku, amma ko an cire masa duk waƙoƙinsa, abotar Jai da Veeru da muguntar Gabbar Singh za su riƙe mutum a zaune. Wasu kuwa da aka yi ta yayinsu, da ka zare waƙa sai ka tarar da saurayi da budurwa da uban da ya ce bai yarda ba, shi ke nan, har a tashi.

Barkwanci ma haka yake. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya bar fina-finai masu yawan gaske, kuma a da yawansu fitowa biyu ko uku ne suke sa a riƙe ciki. Ku zaɓi ɗaya ko biyu da suka tsaya daga farko har ƙarshe, sauran a yanki wuraren dariyar a ajiye.

4. A gefen kowane fim ku rubuta da wa ake kallonsa

Gidan da suruki da suruka da 'yan mata da yara ƙanana suke tsakar gida ɗaya ba zai yi aiki da jeri marar alama ba. A fara da alama uku: na kowa da kowa, na manya, na yara. Wanda ya taɓa lalubar rimot a gigice a gaban surukinsa ya san amfanin wannan. Babba ɗaya ya fara kallon duk fim ɗin da ba a sani ba shi kaɗai kafin a kai shi tsakar gida, musamman fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita, inda hoton na Mumbai ne ko Haidarabad, bakin kuma na matasan Kano, kuma dukansu biyun sukan zo da abin da ba a shirya masa ba. Ku ba sahun "kowa da kowa" fiye da rabin guraben jerin, domin shi ne za a fi kunnawa. Fim ɗin da mutum ɗaya ne kawai yake so, ya zauna a wayarsa.

5. Ku ba fim maki saboda Hausar da ke bakinsa

Wannan ma'aunin bai dami mutumin Kano ko Maraɗi ba, amma a Gadarif yana gaba da kusan kowanne. Hausawa sun zauna a Sudan ne ta hanyar hajji, wasu a ƙasa suka yi shekaru suna tafiya suna noma suna tara guzuri, suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu kuma ayarin hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Fiye da shekara ɗari ke nan. Yaron da aka haifa yau a Gadarif da Larabci yake karatu, da Larabci yake ciniki a kasuwa, da shi yake wasan ƙwallo. Hausarsa ta cikin gida ce, ta "zo ka ci abinci" da "ina ka shiga?". Fim shi ne wuri mafi sauƙi da zai ji mutane suna shari'a da Hausa, suna neman aure da Hausa, suna faɗuwa gaisuwa a fada, suna habaici.

To amma ba kowane fim ɗin Hausa ne yake da wannan ba. Da yawa daga cikin na yanzu, musamman na 'yan boko da masu kuɗi, rabin zancensu Turanci ne, kuma yaron Gadarif ba ya tsintar komai a ciki, ga Hausar ta yi ƙaranci ga Turancin ba nasa ba. Ku saurara da kunnen koyo. Fim ɗin da tsohuwa take magana a cikinsa da karin magana, ko bafade yake kirari, ko malami yake sasanta ma'aurata, ya samu ƙarin maki ko da hotonsa ya dusashe. Idan yaro ya tsayar da fim ya ce "Goggo, me wannan kalmar take nufi?", a sa wa fim ɗin tauraro a littafi.

Idan kun samu Shaihu Umar, ku riƙe shi da kyau. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, daga baya aka gano shi aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Labarin yaro ne da aka raba da uwarsa aka ƙetara da shi hamada, ya girma a ƙasar Larabawa ya zama malami, uwar kuma ta bi sawunsa. Tafiyar hawainiya yake yi, matasa za su yi ƙorafi a rabin awa na farko. Ku daure musu. Babu gidan Bahaushen Sudan da ba zai ga wani abu na kakanninsa a ciki ba.

6. Ku bar gurbi ga fina-finan Sudan

Abin mamaki ne ka ga jerin gida a Gadarif cike da Kano da Mumbai da Alƙahira da Istanbul, babu ko ɗaya na ƙasar da ake zaune a cikinta. Gaskiya ne ba su da yawa, kuma ba sa yawo a wayoyi kamar sauran, amma kaɗan ɗin da ake da su sun isa a nema.

Tajuj na Jadallah Jubara, wanda aka yi a ƙarshen shekarun 1970, labarin gabashin Sudan ne, maƙwabta ke nan, kuma mawaƙi Salah Ibnul Badiya ne ya fito a matsayin Muhallaƙ. Satamutu fil Ishirin na Amjad Abul Ala ya ci kyauta a bikin Venice a 2019. A ƙauyen Jazira aka yi shi, kan yaro Muzammil da aka yi wa duban cewa zai mutu yana ɗan shekara ashirin, shi da uwarsa suka zauna suna ƙirga kwanaki maimakon rayuwa. Na manya ne, a sa masa alamarsa. A wannan shekarar kuma Al-Hadis anil Ashjar na Suhaib Gasmul Bari ya ci kyautar fim ɗin gaskiya a Berlin: dattawa huɗu masu shirya fim, cikinsu har da Ibrahim Shaddad, suna faɗi-tashin sake buɗe wata tsohuwar silima a Omdurman. Da ɗaukewar wuta fim ɗin yake buɗewa, don haka ba sai an yi muku bayani ba. Sai Wada'an Juliya na Muhammad Kurdufani, wanda ya ci kyauta a Cannes a 2023, wata guda da fara yaƙi. Labarin mata biyu ne a Khartum, 'yar arewa da 'yar kudu, a shekarun da suka kai ga rabuwar ƙasar a 2011. Yana magana kan wane ne ɗan ƙasa da wane ne ake yi wa kallon bare, tambayar da Bahaushen Sudan bai buƙaci a fassara masa ba. Ni dai ba zan ga jerin manya a wannan gari da babu shi ba na ce ya cika.

7. Ku tuna da waɗanda suka taho daga inda ake harbi

Umar Mukhtar na Mustafa Akkad fim ne da Hausawa suka daɗe suna ƙauna, dattijon Libiya da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya har suka rataye shi a 1931. Ya cancanci gurbinsa. Amma cike yake da ƙarar bindiga da igwa da jiragen sama, kuma a cikin gidanku wataƙila akwai yarinyar da ta ji irin wannan ƙara da kunnenta a Bahri ko Madani. Ba za ta ce a kashe ba, kunya ba za ta bar ta ba. Za ta tashi ne ta shiga ɗaki, ko ta kasa barci. A sa wa irin waɗannan fina-finai alama ta huɗu, a tambayi uwar yaran kafin a kunna, a rage murya. Matsayinsu a jeri yana nan, lokacin kunna su ne ake dubawa.

8. Ku jera su biyu-biyu, ku rabu da ba da maki cikin goma

Idan aka ce kowa ya ba fim maki, duk wanda ake so zai samu tara ko goma, a tashi ba a raba komai ba. Hanyar da ta fi ita ce tambaya ɗaya tak: "Cajin fim ɗaya ya rage a daren nan, wannan ko wancan?" Wannan tambayar ba ta barin mutum ya ɓuya a bayan "ai duka suna da kyau".

A yayyanka takarda, a rubuta sunan kowane fim a kan guntu ɗaya, a shimfiɗa su a kan tabarma. Ba sai an gwada kowanne da kowanne ba, domin fim ashirin zai ba ku karo 190, har asuba ba ku gama ba. A ajiye na farko. Na biyu ya hau samansa ko ya sauka ƙasansa. Daga nan duk wanda aka ɗauko a fara gwada shi da na tsakiyar layi. Idan ya fi shi, a koma tsakiyar rabin sama, idan bai kai shi ba, tsakiyar rabin ƙasa, haka har ya samu gurbinsa. Ko layin ya kai ashirin, tambaya biyar ta ishi kowane fim.

Za a yi cacar baki a kan biyar na sama, kuma nan daɗin yake. Kada a ɓata dare a kan wane ne na goma sha bakwai da wane ne na goma sha takwas. Idan fim ɗin Ibro ya haɗu da fim ɗin addini irin Ar-Risala aka rasa yadda za a auna, a bar su kafaɗa da kafaɗa a wuce, ba awo ɗaya ake musu ba.

9. Yara su fara faɗin nasu, maigida ya zo ƙarshe

Da Baba ya buɗe baki ya ce wane fim ne na ɗaya, an gama zaɓe. Babu ɗan da zai ce a'a, amarya ma za ta yi shiru. To a juya tsarin: ƙarami ya fara, a hau sama har a zo kan masu gida. Idan kunya ta yi yawa, a ba kowa ƙwayar gyaɗa biyar, a fita a bar shi ya ɗora su a kan takardun da yake so, wani ya shigo bayansa. Baƙon da ya kwana wata uku a gidan yana da ƙwayoyinsa biyar kamar kowa. A ƙyale wa kowane mutum fim ɗaya da ba a taɓa masa ko da duk gidan ba sa so, domin in ba haka ba Kaka za ta rasa nata tun a zagayen farko.

10. Masu dogon zango a yi musu shafinsu daban

Daɗin Kowa na tashar Arewa24, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi, Labarina na Aminu Saira, Izzar So na Lawan Ahmad, da Ertugrul na Turkawa ba sa shiga layi ɗaya da fim ɗin awa biyu. Ba mai memorin da zai ɗauke su duka, kuma ba wanda zai sake kallon kashi ɗari daga farko. A nan zango ake jerawa: wane zangon Labarina ne za ku iya maimaitawa? Galibi na farko ne ko na biyu, kafin labari ya fara miƙewa don kawai kada a tsaya. A ajiye wannan zangon, sauran an gani an wuce. Fim ɗin Kano mai kashi ɗaya da biyu da uku da huɗu kuwa fim ɗaya ne a lissafi, kuma a auna shi da kashinsa na ƙarshe, domin a can ake gane ko marubucin ya san inda ya dosa.

11. Ku yi lissafin memori da caji kafin ku tsayar da adadi

Fim ɗin awa biyu mai matsakaicin hoto, irin 480p, yana cin kusan rabin gigabait. Mai hoto tangaran, daga 720p zuwa sama, yana cin gigabait ɗaya ko fiye. Memori mai gigabait 32, wanda a zahiri abin da za ku samu a ciki bai kai 30 ba, zai ɗauki hamsin da wani abu na farkon, ko ƙasa da talatin na biyun. A allon waya bambancin bai taka kara ya karya ba, a babbar talabijin ne yake fitowa. Shawarata, biyar na sama a ajiye su da hoto mai kyau, sauran matsakaici.

Jerin ya samu memorinsa na kansa, wanda ba a saka masa hotunan biki da saƙonnin WhatsApp. A yi kwafi na biyu a filashi, a sa shi a gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da zafin rana da yoyon damina, musamman ga mai ɗakin ciyawa. Memorin jabu ya yi yawa a kasuwanni, zai nuna 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, kuma sai an cika shi fina-finan farko su lalace. Ku gwada shi tun ranar saye: a cika shi, a buɗe fim na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gani. Abin da aka sauke a cikin manhajar YouTube kuma ba ajiya ba ce, domin yana neman a sake haɗa waya da intanet lokaci-lokaci, in ba haka ba ya kulle.

Tsawon fim ma a rubuta shi a gefe. Kabhi Khushi Kabhie Gham awa uku da rabi ne, Ar-Risala wajen awa uku ko fiye. Ba a fara irin waɗannan da batirin sola da ya riga ya sha fanka tun la'asar. Idan kuma data ta samu, fim ɗin da kuka ɗora a saman jeri ku je ku kalle shi ko sau ɗaya a tashar masu shi ta YouTube, domin daga nan ne wani abu yake shiga aljihun waɗanda suka yi wahalarsa. Turawa daga waya zuwa waya ba ta kai musu ko sisi.

12. Ku tsayar da lokacin bita sau ɗaya a shekara, bayan kaka

Daga saukar ruwa a watan Yuni har zuwa yankan riɗi a Oktoba, rabin gida yana gona, wanda ya dawo kuma barci yake nema. Riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke ba sai ya zube a ƙasa. Lokacin bita shi ne bayan an casa dawa an kai buhuna kasuwar amfanin gona, sanyi ya shigo, dare ya yi tsawo, kowa yana gida. A ware mako biyu ko uku, fim ɗaya a dare, a fara da waɗanda ake shakka a kansu, ba waɗanda aka tabbatar ba. Watan azumi ba na wannan aiki ba ne, yana da nasa ɗan gajeren jeri, Ar-Risala da silsilar Umar ta 2012 ga gidan da ya yarda da kallonta, domin malamai sun saɓa a kan nuna sahabbai a allo.

Yadda manomi ba ya zuba duk abin da ya girbe a rumbun iri, sai zangarniyar da ya zaɓa, haka sabon fim ba ya shiga jeri a shekarar da ya fito. A rubuta shi a shafin jira, ya kwana shekara, a sake kallonsa bayan yayinsa ya wuce. Adadin kuma ba ya ƙaruwa: in ashirin kuka tsayar, duk wanda zai shiga sai ya fitar da wani. Wanda aka fitar a rubuta sunansa a shafin baya na littafin, da shekarar da aka cire shi, da sunan wanda ya maye gurbinsa, kuma kada a goge shi daga filashin ajiya sai ya ƙara shekara guda ba wanda ya tambaye shi.